Ganin Abin da ke Ƙarƙashin Ƙasa Ba Tare da Haƙa Ba: Sassan Na'urar Rada Mai Kafofi da Yawa da Yadda Ake Harhaɗa Ta

Gabatarwa

A shekarar 2018 masana kayan tarihi na ƙasar Norwe suka ratsa wata gona a Gjellestad, kusa da garin Halden, da wata ƙaramar mota wadda aka ɗaura wa wani faffaɗan akwati. Ba su kafa diga ko shebur ba. Amma da aka sarrafa awon da akwatin ya ɗauka, sai ga siffar jirgin ruwa mai tsawon kimanin mita 20, kwance a zurfin rabin mita kacal. Jirgin na mutanen Viking ne, mayaƙan teku na arewacin Turai, waɗanda sukan binne manyansu a cikin jirage fiye da shekara dubu da suka wuce. A shekarar 2020 aka fara tone shi.

Akwatin nan shi ne na'urar rada mai ratsa ƙasa, irin mai kafofi da yawa. Ba masu tarihi kaɗai ke amfani da ita ba. Injiniyoyi na amfani da ita wajen gano bututun ruwa da wayoyin lantarki kafin a fasa titi, da gano kogo a ƙarƙashin kwalta kafin ya rufta da motoci, da kuma duba rodin da ke cikin kankaren gada. Wannan darasi zai bayyana sassan na'urar da yadda ake harhaɗa su a fili. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne: awo ba ya da amfani sai an san ainihin wurin da aka ɗauke shi da lokacin da aka ɗauke shi. Kusan duk wani sashe na na'urar da duk wani mataki na shirya ta, wannan buƙata suke biya.

1. Ƙa'idar Aikin Rada

Duk wanda ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ya san amsa-kuwwa. Murya takan tafi, ta bugi ruwa, ta dawo. Gwargwadon zurfin rijiya, gwargwadon jinkirin dawowarta. Rada haka take aiki, sai dai ita igiyoyin rediyo take aikawa maimakon sauti. Eriya ɗaya takan harba ɗan gajeren bugu cikin ƙasa. Duk inda bugun ya ci karo da iyaka tsakanin abubuwa biyu masu bambancin halin lantarki, kamar ƙasa da dutse, ko ƙasa da ƙarfe, ko busasshen rairayi da jiƙaƙƙe, wani kaso nasa yakan dawo sama. Eriya ta biyu sai ta karɓe shi, na'ura kuma ta rubuta lokacin da ya ɗauka.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar na'urar gano jiragen ruwa da igiyoyin rediyo. A 1910 Gotthelf Leimbach da Heinrich Löwy suka yi rajistar dabarar gano abin da ke binne da irin waɗannan igiyoyi. A 1929 aka yi amfani da su wajen auna kaurin ƙanƙara a duwatsun Ostiriya, kuma a 1972 kumbon Apollo 17 ya tafi da rada don leƙa abin da ke ƙarƙashin fuskar wata. A cikin shekarun 1970 ne na'urar ta shiga kasuwa.

Lokacin da ake aunawa ƙanƙani ne ƙwarai, saboda haka ake ƙirga shi da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A cikin iska igiyar rediyo na tafiyar mita 0.3 a nanosakan ɗaya, daidai da gudun haske. A cikin ƙasa gudunta na raguwa, kuma ruwa ne babban abin da ke rage shi. Ga kimanin gudun a cikin wasu abubuwa, da mita a kowane nanosakan:

- iska: 0.30
- ƙanƙara: 0.17
- busasshen rairayi: 0.15
- ƙasa mai matsakaicin danshi: 0.10
- jiƙaƙƙen rairayi: 0.06
- ruwa: 0.033

Tun da bugun zuwa ya yi ya dawo, sai a raba lokacin gida biyu:

zurfi = (gudu × lokaci) ÷ 2

Misali, idan amsa-kuwwa ta dawo bayan nanosakan 30 a ƙasa mai gudun 0.10, zurfin abin shi ne (0.10 × 30) ÷ 2, wato mita 1.5.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne yawan kaɗawar igiya, wanda ake aunawa da megahaz, wato kaɗawa miliyan ɗaya a sakan. Masu sauraron rediyo sun saba da kalmar zango, kamar a gajeren zango da matsakaicin zango. Zango shi ne tsawon igiya guda, kuma ana samun sa ne in an raba gudu da yawan kaɗawa. Eriya mai megahaz 400 a ƙasa mai gudun 0.10 tana da zangon santimita 25. Igiya mai dogon zango na kutsawa da zurfi amma ba ta bambance ƙananan abubuwa. Mai gajeren zango na nuna abu dalla-dalla amma ba ta nisa. Eriya mai megahaz 100 kan kai mita goma ko fiye a ƙasa mai kyau, mai 400 kan tsaya a mita biyu zuwa uku, mai 2,000 kuwa kimanin rabin mita ko ƙasa da haka take ratsawa cikin kankare.

2. Dalilin Yawaita Kafofi

A wannan fanni, kafa na nufin haɗuwar eriya mai aikawa guda ɗaya da eriya mai karɓa guda ɗaya. Na'ura mai kafa ɗaya, wadda ake turawa kamar amalanke, layi ɗaya take aunawa a kowace tafiya. Abin da take bayarwa hoto ne irin na bangon rami: tsawo da zurfi, babu faɗi. In ana son taswira, sai a yi ta jera layuka kusa da juna.

Tambaya ita ce, wace tazara za a bari tsakanin layi da layi? Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, in ana son cikakken hoto, kada tazarar ta wuce kimanin rubu'in zango. Ga zangon santimita 25, rubu'in ya kama santimita 6 da ɗoriya. Amma a al'ada, masu tura na'ura mai kafa ɗaya sukan bar santimita 25 ko 50, sa'an nan kwamfuta ta cike giɓin da kintace. Duk abin da ya faɗa tsakanin layuka biyu, kamar ramin ginshiƙi ko siririn bututu mai bin layin, yana iya ɓacewa.

Lissafi zai nuna dalilin wannan sassauci. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. In aka bar santimita 50, layuka 200 ake buƙata, tafiyar kilomita 20 ke nan. In aka matso zuwa santimita 8, layukan sun zama 1,250, tafiyar kilomita 125 a hekta ɗaya tak. Babu mai iya wannan a fili mai hekta ɗari. To, amma in aka jera kafofi 16 a akwati guda, tsakanin kowace biyu santimita 8, tafiya ɗaya za ta share faɗin santimita 128. Zuwa 79 sun gama hektar, wato ƙasa da kilomita 8. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Ƙari a kan sauri, tazarar kafofin a kafe take cikin akwati, ba ta canzawa da gajiyar mai aiki.

3. Sassan Na'urar

*(a) Jerin eriyoyi.* Wannan shi ne zuciyar na'urar. Misali mai kyau shi ne samfurin MIRA na kamfanin MALÅ da ke arewacin Suwidin, wanda aka yi aikin Gjellestad da shi. A tsarinsa mai kafofi 16 da megahaz 400, akwai eriyoyi masu aikawa guda 9 a sahu ɗaya, da masu karɓa guda 8 a sahu na biyu. An gocar da sahu na biyu da rabin faɗin eriya, kamar yadda magini ke gocar da bulo a kan bulo. Kowace mai karɓa na sauraron masu aikawa biyu da ke maƙwabtaka da ita, ta dama da ta hagu. 8 sau 2 ya ba da 16. Ana ɗaukar wurin awon kowace kafa a matsayin tsakiyar tazarar da ke tsakanin eriyoyinta biyu. Da wannan dabara ake samun layuka masu kusancin santimita 8, alhali kowace eriya ta fi haka faɗi.

Ana lulluɓe eriyoyin da garkuwar ƙarfe ta sama da gefe, don kada su karɓi amsa-kuwwa daga bishiyoyi, gine-gine, wayoyin lantarki ko jikin motar kanta. Fuskar da eriya ta kalla ita ma tana da tasiri: bututun ƙarfe ya fi bayyana idan tsawonsa ya yi daidai da tsawon eriyar. Saboda haka na'urorin Stream na kamfanin IDS GeoRadar da ke Pisa a Italiya, waɗanda aka ƙera don neman bututu da wayoyi, suke da eriyoyi masu fuska biyu, wasu a miƙe wasu a gicciye.

Akwai kuma bambanci a yadda ake aika igiyar. Yawancin na'urori gajeren bugu suke harbawa. Wasu kuwa, kamar waɗanda kamfanin 3D-Radar ya ƙera a Trondheim ta Norwe, hawa suke yi mataki-mataki daga kimanin megahaz 200 zuwa 3,000, sa'an nan lissafi ya mayar da sakamakon tamkar bugu ɗaya. Amfanin wannan shi ne a sami na sama da na zurfi a tafiya guda.

*(b) Akwatin sarrafawa.* Shi ne mai ba da umurni. Yakan tsara wace eriya za ta harba da wadda za ta saurara, domin kada wata kafa ta ɗauki bugun wata a matsayin amsa-kuwwarta. Yana ɗauke da agogo mai iya rarrabe ɗan ɓangaren nanosakan, kuma shi ke mayar da siginar da aka karɓa zuwa lambobi. Jerin lambobin da kafa ɗaya ta samu a wuri ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, za mu kira shi zare. Zaruruwa ne ake jerawa su zama hoto, kamar yadda masaƙi ke jera zare ya zama ƙyalle.

*(c) Tayar awo.* Wata taya ce mai na'urar ƙirga juyi a gindinta. Ita ke gaya wa akwatin sarrafawa cewa an yi tafiyar santimita kaza, a sake harbawa. Da haka zaruruwa ke fitowa a tazara ɗaya ko mota ta yi sauri ko ta yi sannu.

*(d) Na'urar nuna wuri.* Na'urar GPS da ke cikin wayar hannu kan yi kuskuren mita da yawa, wanda ya fi faɗin akwatin gaba ɗaya. Don haka ake amfani da na'urori biyu masu karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam. Ɗaya ana kafa ta a kan sanannen wuri, ba ta motsi. Tun da ta san inda take, tana iya gane kuskuren siginar a kowane lokaci, ta aika gyara ta rediyo zuwa ga ta biyu da ke bisa akwatin rada. Da wannan, kuskuren kan ragu zuwa santimita biyu ko uku. A ƙarƙashin bishiyoyi ko tsakanin dogayen benaye, inda sararin sama ya rufe, akan koma ga na'urar safiyo mai sarrafa kanta, wadda ke bin wani madubi da aka ɗora a kan akwatin tana auna nisansa da kusurwarsa.

*(e) Abin hawa da wuta.* Akwati mai kafofi da yawa na da nauyi, don haka akan ɗaura shi a gaban ƙaramar tarakta, ko babur mai taya huɗu ya ja shi a baya. Maɗaurin dole ya bar akwatin ya bi tudu da kwarin ƙasa. Wuta kan zo daga batir mai bolt 12. Eriyar da aka yi don ta taɓa ƙasa, in ta ɗaga da yawa, akasarin ƙarfinta daga fuskar ƙasa zai dawo ba tare da ya shiga ba. Masu duba manyan tituna sukan yi amfani da wata irin eriya da ake ratayawa sama da kwalta, don mota ta yi gudu, amma zurfin da take kaiwa ya fi ƙaranci.

*(f) Kwamfuta da manhaja.* Kwamfutar fili, mai jure ƙura da girgiza, tana karɓar lambobi ta waya, ta adana su, ta kuma nuna wa direba a allo inda ya riga ya bi, tamkar mai shafa fenti yana ganin inda buroshi bai taɓa ba. Lambobin suna da yawa. In ana ɗaukar zare a kowane santimita 8 ta tsawo da ta faɗi, hekta ɗaya na da zare 1,562,500. In kowane zare na da lambobi 512, kowace lamba kuma na cin bayit 2, hektar ta cinye gigabayit 1.6.

4. Matakan Harhaɗawa a Fili

Tun ran gini, tun ran zane. Kuskuren da aka yi a sa'ar farko ta aiki, da wuya kwamfuta ta gyara shi daga baya. Ga matakan bi da bi.

*Mataki na ɗaya: duba fili da ƙasa.* Akan fara da tambayar abin da ake nema, girmansa da zurfinsa, domin amsar ce ke zaɓar eriya. Sa'an nan a duba ƙasar. Ƙasar da wutar lantarki ke ratsawa da sauƙi, kamar jiƙaƙƙiyar laka ko ƙasa mai gishiri da kanwa, tana shanye igiyar rada. A wani wurin ko rabin mita ba ta kaiwa. Jigawa mai rairayi ita ce mafi dacewa, fadama mai laka kuwa ita ce mafi wuya. Dole kuma fili ya zama sharare: a yanke doguwar ciyawa, a kwashe duwatsu da tarkacen ƙarfe. Gona mai kunyoyi ba ta auno da irin wannan akwati sai an baje ta.

*Mataki na biyu: kafa tushen awo.* Akan kafa na'urar GPS marar motsi a wuri mai buɗaɗɗen sama, a rubuta lambobin wurin, a kuma kafa turke don a dawo daidai nan gobe. In tushe ya goce da santimita 30 tsakanin yau da gobe, kowace katanga da ta ratsa awon kwanakin biyu za ta fito a karye.

*Mataki na uku: ɗaura akwati da auna tazara.* Bayan an ɗaura akwatin an haɗa wayoyi, kowace a mazauninta, sai a ɗauki tef a auna nisan kan na'urar GPS daga tsakiyar jerin eriyoyi: gaba ko baya, dama ko hagu, da tsayi. Manhaja da waɗannan lambobi take lissafa matsayin kowace kafa. Mafi kyau a ɗora GPS ɗin daidai bisa tsakiyar akwatin. In aka manta da tazarar santimita 50 ta gaba, layin zuwa zai goce gaba, na dawowa ya goce baya, bambancinsu mita guda. Miƙaƙƙen bututu sai ya fito kamar haƙoran zarto. In kuma aka musanya wayoyin kafofi biyu, awon dama zai koma hagu.

*Mataki na huɗu: daidaita agogo.* Mota mai gudun kilomita 10 a awa tana cin santimita 278 a sakan. Jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan tsakanin agogon rada da na GPS ya zama kuskuren santimita 28, fiye da faɗin kafofi uku. Maganin wannan shi ne wata waya da ke kawo bugun lokaci daga GPS sau ɗaya a kowane sakan, wanda akwatin sarrafawa ke saita agogonsa da shi.

*Mataki na biyar: gwada tayar awo.* Akan shimfiɗa tef mai mita 50 ko 100 a kan irin ƙasar da za a auna, a bi shi, a gaya wa na'ura ainihin nisan. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari mita guda ne a kowace mita 100. Iskar taya da santsin ƙasa duk suna canza lissafin.

*Mataki na shida: zaɓar lambobin awo.* Na farko shi ne tsawon lokacin sauraro. In ana son kaiwa mita 3 a ƙasa mai gudun 0.10, zuwa da dawowa nanosakan 60 ne. Sai a ƙara rara, a sa 80. Na biyu shi ne yawan lambobi a zare: akan so a ɗauki lamba kimanin sau goma a kowace kaɗawa, wato kowane rubu'in nanosakan ga eriya mai megahaz 400. Na uku shi ne tazarar zaruruwa a kan layi, wadda bai kamata ta fi tazarar kafofi ba. Na huɗu shi ne maimaici: na'ura kan harba sau da yawa a wuri ɗaya ta ɗauki matsakaici, don rage hayaniyar da ke zuwa daga tashoshin rediyo da turakun waya. Maimaici huɗu na rage hayaniya zuwa rabi, goma sha shida zuwa rubu'i. Sai dai yawan maimaici na tilasta wa direba rage gudu. A gudun kilomita 10 a awa da tazarar santimita 8, kowace kafa na ɗaukar zare kusan 35 a sakan, kafofi 16 kuma fiye da 550.

*Mataki na bakwai: daidaita kafofi.* Ko tagwaye ba su rasa bambanci. Kowace kafa na da nata ɗan jinkiri da nata ƙarfi. Akan kunna na'ura a bar ta ta ɗumama, sa'an nan a duba bugun farko da ke tafiya kai tsaye daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Shi ne ake ɗauka a matsayin mafarin lokaci. In mafarin wata kafa ya goce da nanosakan ɗaya, duk abin da ta gani ya goce da santimita 5 a zurfi, taswira kuma ta fito da zane-zane kamar tabarma.

*Mataki na takwas: auna gudun igiya.* Ba a dogara da jadawali kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta kan abin da aka san zurfinsa, a juya lissafin da aka bayar a sama. Wata hanyar ita ce duba siffar amsa-kuwwa. Eriya ba ƙasanta kaɗai take gani ba, tana hango abu tun kafin ta iso kansa da bayan ta wuce, don haka ƙaramin abu kan fito a hoto kamar ƙwarya a kife. Faɗin ƙwaryar na nuna gudun: mai faɗi na nufin igiya mai sauri, matsattsiya na nufin mai nawa. Ruwan sama na canza gudun, saboda haka ake sake awon bayan an yi ruwa.

Bayan wannan sai a yi gwajin layi biyu ko uku a kan abin da aka sani, zuwa da dawowa. In hoton ya haɗu ba karaya, sai a fara aiki, ana barin kowane zuwa ya ɗan hau kan na baya don kada a bar giɓi.

5. Daga Awo Zuwa Taswira

A ofis, manhaja kan daidaita mafarin lokaci na dukan kafofi, ta tace hayaniya, ta ƙarfafa amsa-kuwwar da ta zo daga zurfi tun da ta fi rauni, sa'an nan ta tattara kowace kifaffiyar ƙwarya ta mayar da ita ɗigo a ainihin wurinta. Wannan mataki na ƙarshe ba ya yin kyau sai layuka sun yi kusa kuma an san gudun igiya. Sakamakon shi ne dunƙulen awo mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda ake yankawa falle-falle: taswirar zurfin santimita 20, ta 40, ta 60, har ƙasa.

Da wannan hanya masana na Cibiyar Ludwig Boltzmann ta Ostiriya suka bayyana a 2011 cewa sun gano makarantar horar da mayaƙan dandali na Rumawa a Carnuntum, gabas da birnin Biyana. Taswirar ta nuna gini mai faɗin murabba'in mita 2,800, da ƙananan ɗakunan kwana, da wurin wanka, da zagayayyen filin atisaye mai faɗin mita 19. Haka kuma a 2020 masana na jami'o'in Kambirij da Ghent suka buga taswirar dukan birnin Falerii Novi, kimanin kilomita 50 arewa da Rum, mai faɗin hekta 30.5, da awo a kowane santimita 12.5. Har hanyoyin bututun ruwan birnin suka bayyana.

6. Iyakar Na'urar

Rada ba ta faɗin sunan abin da ta gani. Bambancin halin lantarki kawai take nunawa, fassara kuwa aikin mutum ne. A watan Satumba na 2015 masu binciken yankin Stonehenge a Ingila suka ba da sanarwar cewa rada ta nuna jerin manyan duwatsu kusan 90 binne a Durrington Walls. Da aka haƙa a watan Agusta na 2016, ba a sami duwatsu ba. Abin da aka samu manyan ramuka ne da suka taɓa riƙe ginshiƙan katako, aka cire ginshiƙan aka cike su. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, domin akwai abu a daidai wuraren da ta nuna. Fassarar farko ce ta kauce. Gani ya kori ji. Wannan ne ya sa injiniya mai hankali, ko da taswirar rada na hannunsa, yakan haƙa ƙaramin ramin gwaji da hannu kafin ya saki katafila kusa da wayar lantarki ko bututun gas. Haka kuma rashin ganin abu a taswira ba hujja ba ce cewa babu shi, musamman a ƙasa mai laka.

Kammalawa

Na'urar rada mai kafofi da yawa ta ƙunshi sassa shida: jerin eriyoyi, akwatin sarrafawa, tayar awo, na'urar nuna wuri, abin hawa da wutarsa, da kwamfuta. Fifikonta a kan mai kafa ɗaya shi ne tana ɗaukar layuka masu kusancin santimita kaɗan a fili mai faɗi. Amma wannan fifiko na rushewa idan wuri ko lokaci ya goce: tazarar da ba a auna ba, agogon da ba a saita ba, tayar da ba a gwada ba. Ɗalibin da ya ƙware a lissafin gudu da nisa da lokaci, ya kuma saba da yin awo cikin natsuwa, ya riga ya kama hanyar wannan fanni, wanda ake karantawa a sassan kimiyyar ƙasa, safiyo da injiniyancin gine-gine.

Aikin Aji

1. Amsa-kuwwa ta dawo bayan nanosakan 24. Lissafa zurfin abin a busasshen rairayi, sa'an nan a jiƙaƙƙen rairayi. Me bambancin ke koya mana game da awo bayan ruwan sama?
2. An binne bututu a zurfin mita 1.2, amsa-kuwwarsa ta dawo bayan nanosakan 20. Mene ne gudun igiya a wannan ƙasa?
3. Nemo zangon eriya mai megahaz 200 a ƙasa mai gudun 0.10, da tazarar layukan da ta dace da ita.
4. Akwati mai kafofi 8, tazararsu santimita 10, zai yi zuwa nawa kafin ya gama filin ƙwallo mai faɗin mita 64?
5. Malami ya jagoranci ɗalibai su tsaya mita 50 daga doguwar katanga, su tafa hannu daidai da dawowar amsa-kuwwa, su auna lokacin tafi 20, su lissafa gudun sauti. A kwatanta sakamakon da mita 340 a sakan, a tattauna inda kuskuren awo ya fito.